An ce in kai yarona makarantar nakasassu, alhali ya haddace izu biyar

Maman Auta, Gwale: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don tun jiya ban runtsa ba. Autana shekararsa tara, yana aji uku a wata makarantar kuɗi, kuma wannan ne karo na biyu da yake maimaita ajin. Jiya shugaban makarantar ya kira ni ofis ya ce su kam sun yi iya ƙoƙarinsu, yaron ba ya ɗaukar karatu, gara in nema masa makarantar masu buƙata ta musamman, har ya ambaci Tudun Maliki. Na fito ofis ɗin ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yaron nan a Islamiyya izu biyar gare shi, malaminsu ya karanta sau biyu ko uku ya kama. In na aike shi kanti, canjin da zai dawo da shi ya riga ya lissafa tun kafin mai kanti ya taɓa kalkuleta. Amma ka buɗe masa littafi ka ce karanta, sai ya tsaya yana kallon takarda yana murza gefen riga. Sunansa ma wani lokaci sai ya juya harafi. An yi bulala, an ɗauko mai lesin, babansa ya hana shi ƙwallo wata guda, babu abin da ya canza sai dai yanzu kullum da safe ciwon ciki. Wannan nakasa ce ko sangarta? In nakasa ce, wace iri?

Baffa na Kurna: Wa'alaikumus salam. Hajiya ki duba batun waya da talabijin tukuna. Yaran yanzu kallo ya cinye musu kai. Mu a zamaninmu babu wani "ba ya ɗauka", dorina ce take buɗe ƙwaƙwalwa.

Maman Auta, Gwale: Baffa wallahi an gwada. Dorinar ce ma ta kawo ciwon cikin safe.

Hajiya Babba, Yakasai: Allah ya buɗa masa. A dage da addu'a, a kuma daina kiransa daƙiƙi a gabansa, bakin uwa kaifi gare shi.

Malamar Aji Uku: Yaya, ki kwantar da hankalinki. Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa a firamaren gwamnati, kuma babu shekarar da ba na samun irin ɗanki a aji. Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, kuma aikin da suke yi a can na masu wannan lalurar ne. Yaron da yake ji, yake gani, yake haddar izu biyar, ban ga abin da zai kai shi can ba. Shugaban makarantar nan dai ya ga ɗalibin da zai rage masa sakamako ne, ya nemi ƙofar fita.

Amma kafin kowa ya laƙaba masa suna, ido da kunne za a fara dubawa. Na taɓa shekara guda ina faɗa da wata yarinya a kan kwafar rubutu, ashe daga bencin baya allon gaba ɗaya hazo take gani. Tabarau ɗaya ya kashe maganar. Na ji kunyar kaina ranar.

In ido da kunne lafiya, to akwai abin da ake kira disileksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Ki ɗauko littafinsa ki duba min: yana musanya b da d? Ki tuna yaron Bature harufa biyu ne suke rikita shi a nan, namu kuwa huɗu ne, b da d da ɓ da ɗ, duk sanda ce da ƙwallo. Ina da wani yaro da ya rubuta "ɓera" iri uku a shafi ɗaya, ya goge har takardar ta huje. Juya harafi kaɗai ba hujja ba ce, yara da yawa suna yi a aji ɗaya da biyu su bari. Amma a shekara tara, tare da kasa haɗa "ka" da "za" su ba da "kaza", abin a bincika ne.

Nas a Tarauni: Na goyi bayan Malama a kan kunne, kuma ina so in ja hankali. Mutane sun ɗauka kurma shi ne wanda ba ya jin komai. A'a, ji hawa-hawa ne. Akwai yaron da kunne ɗaya ne ya mutu, akwai wanda yake jin murya amma baƙaƙe irin s da f da sh suna ɓace masa, musamman in aji ya ɗau surutu. A gida ba za a gane ba, don ɗaki ƙarami ne kuma yana kallon bakin mai magana. Abubuwan da suka fi kawo wannan a wajenmu su ne sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai in ta yi tsanani ba a kai asibiti ba, ciwon kunne mai fitar da ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi da ake yi a kemis ba tare da awo ba. Hajiya, ya taɓa yin ɗaya daga cikinsu? Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano, ki ce gwajin ji kike so a yi masa da na'ura. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne. Ido kuma ga asibitin ECWA nan a Sabon Gari, ko duk inda ya fi miki kusa.

Maman Auta, Gwale: Innalillahi. Anti Nas, yana shekara uku kunnensa na hagu ya yi wata da watanni yana ruwa. Muka riƙa ɗiga masa magani daga kemis har ya tsaya, ban sake tunawa da shi ba. Malama kuma na duba littafin, "dabba" ya rubuta "babda". Zan kai shi ranar Litinin in sha Allahu.

Ɗalibar BUK: Ina ajin ƙarshe a sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, bari in sa baki da ɗan abin da aka koya mana, malamai na zaure su gyara min.

Matsalarmu a Hausa ita ce muna da suna ga abin da ido yake gani: makaho, kurma, bebe, gurgu, zabiya. Abin da ido ba ya gani kuwa tukunya ɗaya muke zuba shi, mu ce daƙiƙi, ko dolo, ko mai taɓin hankali, ko a ce ɗan ruwa ne. Ko kalmar galahanga da ake ji a rediyo, wani otizim yake nufi da ita, wani kuma yaron da aka haifa da ƙarin ƙwayar halitta ta 21, wato lalurar da ake kira Down, alhali lalurori ne mabambanta. A Amurka dokarsu ta ilimin yara masu nakasa, wadda ta faro a 1975, ta kasa abin gida 13, kuma rukunin da ya fi kowanne yawan ɗalibai shi ne na wahalar koyon wani abu takamaimai, karatu ko rubutu ko lissafi, kusan kashi ɗaya cikin uku. Makafi da kurame 'yan kaɗan ne a lissafin. Wato mafi yawan masu buƙata ta musamman ba za ka gane su a hoto ba.

In aka tattara, akwai lalurar gani, daga mai dishi-dishi zuwa wanda ba ya gani sam. Akwai ta ji. Akwai ta gaɓoɓi, irin shan inna, ko wadda ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa jiki saboda wahalar haihuwa ko shawara. Irin wannan yaron yawu na iya zuba, hannu na rawa, amma sau da yawa hankalinsa garau. Akwai ta magana, kamar in'ina. Akwai jinkirin fahimta na gaba ɗaya, wanda shi yake taɓa komai, karatu da lissafi da sa riga da sanin hanya. Akwai otizim, mai taɓa mu'amala da magana, yaron ya ƙi haɗa ido, ya toshe kunne in an buga ƙararrawa, ya rikice in an canza masa tsari. Akwai rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Sai cututtuka masu daɗewa irin sikila da farfaɗiya da asma, waɗanda ba su taɓa basira ba amma suna cin ranakun makaranta.

Ɗan Mama a bisa abin da ta faɗa bai yi kama da mai jinkirin fahimta na gaba ɗaya ba, tunda ga hadda ga lissafin canji. Amma ba a yanke wannan hukunci a waya, sai an zauna da yaro.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, karatunki ya yi kyau, Allah ya ba da sa'a. Sai dai ni na yi shekara talatin da biyar a wannan aiki, kuma ina so in tambaye ki: kin taɓa shiga aji mai yara ɗari da goma, rabi a kan benci rabi a ƙasa, malami ɗaya, alli guntu? A Amurka ana zama a rubuta wa kowane yaro tsarinsa shi kaɗai, iyaye su sa hannu. Nan rajistar kiran suna ma kafin ka gama ta an cinye kwata na darasi. Tun taron duniya kan ilimi na musamman da aka yi a Salamanca ta ƙasar Sifen a 1994 ake ta waƙar a haɗa kowa a aji ɗaya, mun je bita, mun ci shinkafa, mun karɓi takardar shaida, mun dawo ajin yana nan yadda muka bar shi. Ni a ganina gara a gina makarantu na musamman da yawa, a zuba musu ƙwararru, a bar malamin aji ya ji da sauran. Haɗa yaro da wasu ba tare da tanadi ba ajiye shi ne kawai a lungu.

Malamar Aji Uku: Baba, ranka ya daɗe, yara tamanin da bakwai ne a ajina bana, don haka ba daga littafi nake magana ba. Gaskiyarka ne a kan bita. Amma makaranta ta musamman nawa za a gina da za ta kwashe duk mai in'ina da mai sikila da mai ji da kunne ɗaya? Suna cikin ajinmu tun da can, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Kuma yawancin abin da nake yi ko sisi ba ya ci. Benci biyu na gaba na daina ba wa masu ƙoƙari, na masu matsalar ido da kunne ne. Na daina magana ina fuskantar allo, don mai karanta leɓe ƙeyata kawai yake gani. Rubutun allo manya, kuma duk abin da na rubuta sai na faɗe shi da baki. Mai in'ina ba na ƙarasa masa magana, ba na kuma cewa ya nutsu, jira kawai nake yi, kuma duk wanda ya yi dariya ya san sauran. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya shi ne mai goge allo da raba littattafai, tashin da zai yi ba izini gara ya yi shi da izini. Mai sikila gorar ruwansa tana kan benci, ba ya neman izinin fita bayan gida, kuma da hunturu ba ya zama bakin tagar da ba ta da murfi. Irin ɗan Yaya kuwa ba na tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri. In zai karanta, tun jiya na ba shi layi biyun ya je ya yi ta bita. Ranar gwaji ina kiransa gefe lokacin tara in karanta masa tambaya ya amsa da baki.

Ba na cewa ina yi kullum. Akwai ranar da zafi da hayaniya suke sa in manta da kowa.

Baban 'Yan Biyu, Hotoro: Malama ki yi haƙuri, amma nan ne ban gane ba. Nawa yaran su zauna su karanta tambaya da kansu su rubuta cikin minti talatin, wani kuma a karanta masa, a ƙara masa lokaci, sannan a jera su a sakamako ɗaya? Ina adalci a nan? Gobe kowa sai ya ce ɗansa yana da lalura.

Malam Mai Sanda: Baban 'Yan Biyu, bari makaho ya amsa maka, tunda ni aka yi wa irin wannan alfarmar da kake ƙorafi a kai. Da farko roƙo ga zaure: masu turo hoton rubutu, wayata karanta min saƙo take yi da murya, in kun turo hoto sai dai ta ce min "hoto" ta yi shiru. Ku riƙa rubutawa.

Ka san hadisin Imrana ɗan Husaini, da Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda ya yi azahar a zaune raka'a nawa ya yi? Huɗu. Ba a rage masa komai ba, yanayin yin ne ya canza. Matafiyi kuwa da ya yi ƙasaru, shi an rage masa adadi. To haka abin yake a makaranta, iri biyu ne. Karanta wa yaro tambayar lissafi salla ce a zaune: lissafin da ɗanka zai yi shi zai yi, in bai iya ba ya faɗi. Amma yaro mai jinkirin fahimta da aka ce ya koyi ƙirga kuɗi da rubuta sunansa a maimakon raba lamba mai tsawo, wannan ƙasaru ce, kuma shi ba a jera shi da ɗanka a matsayi. Inda za ka yi gaskiya shi ne in gwajin na karatu ne kansa, to nan ba a karanta wa yaro, don abin da ake aunawa ke nan.

Batun lokaci kuma, bari in gaya maka yadda nake rubutu. Rubutunmu ɗigo shida ne a gida ɗaya, wani Bafaranshe Louis Braille ya tsara shi yana ɗan shekara 15. Takarda mai kauri nake sawa a cikin allon ƙarfe, in riƙa huda ta da tsinke ɗigo ɗaya-ɗaya, daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, don sai na kifa takardar sannan yatsa zai karanta daga hagu. In ina son duba abin da na rubuta a layin baya sai na buɗe allon, na cire takarda, na shafa, na mayar, na nemo inda na tsaya. Kai kuwa ɗaga ido kawai za ka yi. Ranar jarrabawata ta ƙarshe a sakandare yatsana har ya yi kanta. Ƙarin lokacin da aka ba ni a hudar takarda ya ƙare, ba a tunani ba.

Yau ina koyar da tarihi, masu ido nake koyarwa. JAMB ma tun 2017 ta ware tsari na musamman ga makafi, kuma Jami'ar Bayero tana cikin cibiyoyin da ake yi. A jami'ar nan Jibrin Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take. Mu a nan an daɗe ana ganin hanyar makaho ɗaya ce, ɗan jagora da ƙoƙo, alhali muna karanta Abasa kullum mun san a kan wa ta sauka.

Baban 'Yan Biyu, Hotoro: Allah ya gafarta Malam, misalin salla ya shige ni. Amma ina nan a kan bakana cewa sai da takardar likita, in ba haka ba masu kuɗi za su mayar da abin hanyar samun maki.

Malam Mai Sanda: A jarrabawar fita, na yarda, a nemi takarda. A aji uku kuwa, in aka jira takarda kafin a matsar da yaro benci na gaba, zai gama firamare yana jira.

Yayar Zabiya, Fagge: Ƙanwata zabiya ce. Kowa fatarta yake gani, ba wanda ya san idon ne babbar matsalar. Ko a bencin gaba ba ta ganin allo sosai, idon yana rawa, haske yana kashe mata shi. Littafi sai ta kawo shi dab da hanci, wani malami ya riƙa buge mata hannu wai za ta lalata idonta. Abin da ya cece ta wata malama ce da ta ce ta riƙa tasowa ta tsaya gaban allo ta kwafa, ta kuma haɗa ta da wata ƙawa mai babban rubutu. Sai taron safe da aikin shara a rana, mun sha fama kafin a yarda ta tsaya a inuwa ta sa doguwar riga da hula mai baki. Aka ce ya saɓa wa yunifom. Rana kansar fata take jawo wa zabiya, wannan ba kwalliya ba ce.

Malamin Kurame: Ni a nan ina tare da Baba Hedimasta, amma rabi. Duk abin da Malama ta lissafa daidai ne ga mai ragowar ji. Amma yaron da aka haifa kurma, ko sanƙarau ya ɗauke jinsa kafin ya fara magana, ka sa shi benci na gaba ka sa shi a kan teburin malami ma, babu abin da zai samu. Shi ba kujera ya rasa ba, harshe ya rasa. Ina karɓar yara 'yan shekara goma da ba su san suna da suna ba, ba su san yau Talata ba, don babu wanda ya taɓa yi musu zance a gida sai nuni na ci da sha da zo da tafi. Wata uku a cikin 'yan uwansu kurame sai ka ga hannu ya buɗe, har gulma suke yi. Wannan ba ya samuwa in yaro shi kaɗai ne kurma a cikin tamanin, sai fa in akwai tafinta, kuma tafinta nawa gare mu?

Wani abu da mutane ba su sani ba: kuramen Kano suna da harshensu tun kafin zuwan boko, maganar hannu, wadda ake koya a majalisa da kasuwa daga manya. Wadda ake koyarwa a makarantu kuma tushenta na Amurka ne, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Don haka yaro yana iya zuwa da ɗaya ya tarar da wata. Kuma rubutun Hausa ko Turanci a wajensa harshe na biyu ne da bai taɓa jin sautinsa ba, shi ya sa jimlarsa take zuwa a hargitse. Mai gyara takarda in bai san haka ba sai ya ce daƙiƙi ne.

Iyaye kuma don Allah ku koyi maganar hannu ko kaɗan. Uwa ta zo ziyara ta zauna da ɗanta awa guda suna kallon juna, sai an kira ni in fassara tsakaninsu.

Tsohon Hedimasta: To ka ga abin da nake faɗa.

Malamar Aji Uku: Baba ai bai ce a kwashe kowa ba, kurame ya ce. A kan su ban yi musu ba.

Amarya, Sharaɗa: Tambaya a gefe don Allah. Akwai mai farfaɗiya a ajin 'yata, ta faɗi sau biyu. An ce in yawunta ya taɓa mutum yana ɗauka. In canza wa 'yata aji?

Nas a Tarauni: Amarya kada ki canza. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa ko ta cin abinci tare. Daga ƙwaƙwalwa take, kuma da magani yawancin masu ita suna daina faɗuwa. Wannan camfin shi yake sa kowa ya watse a bar yarinya tana buga kai a siminti. Abin yi: a janye benci, a sa mata wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne ta, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa. In jijjigar ta lafa a juya ta kan gefenta. In ta wuce minti biyar, asibiti. In ta farfaɗo a kore 'yan kallo, a bar ta ta huta. Akwai ma wata iri da ba a faɗuwa, yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu kamar an ɗauke wuta, sannan ya dawo bai san an yi ba. Malamai su lura, ana yawan dukan irin waɗannan a kan rashin sauraro.

Lauya, Zoo Road: Ƙarin bayani ta fuskar doka. Akwai dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba mai nakasa haƙƙin ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika. Kowa ya leƙa makarantar unguwarsu ya ƙirga matakala, ya kuma duba ƙofar bayan gida ko keken gurgu zai shige. Na san yarinyar da ba ta shan ruwa tun safe har a tashi saboda wannan. Hajiya, in shugaban makarantar ya sake cewa ki cire yaron, ki ce ya rubuta miki a takarda da dalilinsa. Yawanci daga nan murya take sauka.

Baffa na Kurna: To ni dai na ji. Amma a rage musu waya duk da haka.

Maman Auta, Gwale: Salam jama'a, na dawo da bayani, ku yi haƙuri kwana goma shiru. Ido lafiya lau. Kunne kuwa Anti Nas kin yi gaskiya, an sa masa wani abu a kai ana kunna sauti yana ɗaga hannu, aka ce na hagu jinsa ya ragu sosai, akwai huji a tantanin tun wancan ciwon. Na dama ƙalau. An hana ruwa shiga kunnen, an ba mu ranar komawa. Sai da muka dawo na tambaye shi inda yake zama a aji, ashe layi na biyu daga baya, jikin bangon dama, kunnen mai kyau yana fuskantar bango. Shekara biyu.

Likitan ya ce kada in ɗora komai a kan kunnen, yana iya yiwuwa akwai matsalar karatun ita ma daban, tunda ana samun biyun tare. Na je makarantar, ban bi ta ofis ba, malamar ajin na samu kai tsaye. Ta mayar da shi gaba ta ɓangaren hagu, ta kuma yarda ta daina sa shi karatu a tsaye. Shifta ce ta ce ba za ta iya cire masa ba, sai dai ta rage masa kalmomi. Babansa har yanzu yana cewa wasa ne ya yi masa yawa, amma ya mayar masa da ƙwallonsa.

Ɗalibar BUK, don Allah in akwai wanda yake gwajin karatun nan a sashenku ki yi min magana ta gefe. Malama kuma, harufan nan huɗu, da wanne zan fara masa a gida?

Malamar Aji Uku: Da b kaɗai, Yaya. Ki zuba yashi a faranti ya riƙa zana ta da yatsa yana faɗin sautinta, baba, biri, bante, minti goma bayan la'asar. Kada ki nuna masa d sai bayan sati biyu.